Harshen da Surukina Ya Ɓoye

Na Allah muke, kuma gare Shi Baba ya koma, ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti a Kuala Lumpur. Washegari aka yi masa sutura, aka binne shi a tsakanin mutanen da bai san sunan ko ɗayansu ba. Ni matar ɗansa ce na biyu, wanda aka turo nan karatun digiri na uku. A hannunmu Baba ya yi jinyarsa ta ƙarshe, a ɗan gidanmu na haya da ke saman wani bene a unguwar Sentul.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta, takalma sun cika ƙofarmu har sun kai ƙofar maƙwabta. Matan ɗalibai da na malamai suka zauna a falo, gwiwa na gogar gwiwa. Wata ta ce, "Ai Baba ya huta. Wankin ƙoda ba ƙaramar wahala ba ce." Wata ta ce, "Ni wallahi ban taɓa jin muryarsa ba sai a amsa sallama." Mai shagon shayin da ke ƙasan benen, irin wanda a nan ake kira mamak, inda Baba ke zama, ya hawo da kansa ɗauke da butar shayi, ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa ƙirji, ya sauka.

Yayan maigidana ya kira daga Kano. Daga inda nake ina jiyo muryarsa a wayar. "Kun binne mana uba a ƙasar da ba mai ziyartar kabarinsa," in ji shi. Maigidana ya yi ta cewa, "Ka yi haƙuri, Yaya," har wayar ta katse.

Sai maƙwabciyarmu ta shigo, wata tsohuwa 'yar ƙasar, da tukunyar kunun shinkafa. Ta riƙe hannuna, ta ce da ɗan Turancinta za ta yi kewar jin muryar tsohon a baranda. Ta ce yakan yi magana shi kaɗai, amma ba da yarenmu ba, don ta san sautin namu, kuma ba Larabci ba ne. Matan falon suka juyo suna kallona. Na sunkuyar da kai.

Abin da ban iya faɗa musu ba ranar shi nake son rubutawa. 'Yata, jikarsa, in na yi mata Hausa da yaren Malay take amsa mini. Ina tsoron ta girma abin da ta sani game da kakanta shi ne wani dogon tsoho mai lema.

Baba dogo ne, siriri, mai manyan hannaye. A Kano an san shi da ɗan shagonsa na carbi da zobban azurfa. An kuma san cewa a ƙuruciyarsa ya yi fataucin duwatsu masu daraja, ya yi shekaru a ƙasashen waje, lokacin maigidana yana ƙarami. In aka tambaye shi ina da ina ya je, sai ya ce, "Yawo ne kawai." Sana'ar ta bar masa wata ɗabi'a: duk abin da aka miƙa masa sai ya ɗaga shi sama ya duba a haske. Dabino, maɓalli, har ƙwayar magani, sai ya juya ta tsakanin yatsu biyu kafin ya haɗiye.

Bai so ƙasar nan ba, bai kuma ɓoye ba. Shinkafarsu, in ji shi, kana tashi tana tashi. Ruwan sama kuwa cewa yake ya yi yawa har ya daina zama abin murna. Likita ya taƙaita masa shan ruwa saboda ƙodar, sai ya zama yana zaune a baranda yana kallon ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, shi kuma leɓɓansa a bushe. A wurin mamak rabin kofin shayi ake ba shi. Yakan yi kusan awa yana lallaɓa shi, yana kallon jiragen ƙasa na wucewa ta saman titi.

Jikarsa kaɗai ke sa shi dariya. Amaryarsa yake kiranta. Kullum da la'asar sai ya sauka da lema ya tsaya a bakin get yana jiran motar makarantarsu, ko da ranar ya dawo daga wankin ƙoda yana jiri. In an kawo abinci ta ce masa, "Atuk, makan lah," wato "Kaka, ci abinci mana," ya ce, "Ji min amarya, ko sunan miji ba ta iya ba."

Ni kuwa tsakaninmu akwai kunyar surukuta, gidan kuma ɗaki biyu ne da falo, ba inda mutum zai kauce. Baba ya samo dabara: ba ya yi mini magana kai tsaye, sai ya yi da bango. Akwai lokacin da na yi ɓari, maigidana yana wani taro a wani gari, na kwanta na kasa tashi. Da azahar na ji an ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina. Muryar Baba ta ce, "A gaya wa mai ɗakin nan an ajiye abinci." Na buɗe na tarar da farfesun kaza a leda, ya sauka da kansa ya yo tapau, wato ya sayo an ƙulle masa, shi da ko hawa matakala uku sai ya huta. A baranda kuma ga safar makarantar jikarsa ya wanke ya shanya. Bai taɓa ɗago zancen ba, ni ma ban iya yi masa godiya ba sai ta bakin ɗansa.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne karatun ɗan nasa. Maigidana yana bincike ne a kan yadda ake ɗaukar littafin labari a mayar da shi fim, kuma fim ɗin da ya fi mayar da hankali a kai na mutanen Fotugal ne. Dogo ne, mai duhu, mutanen ciki ba sa yawan magana. Sai a nuna mace tana wanke kifi har mai kallo ya gaji. Labarin wani garin masunta ne a bakin teku: wani mutum ya tafi ci-rani ƙasar waje, ya bar mata da ƙaramar 'ya. Yarinyar ta girma, uwar ta mutu, fim ya ƙare tana rufe tagogin gidan ita kaɗai. Maigidana ya kalle shi ya fi a ƙirga, yana tsayarwa yana rubutu.

"Dakta," Baba ya ce masa wata rana, don haka yake kiransa in zai yi masa ba'a, "wato an ɗauko ka daga Kano, an kawo ka Malesiya, don ka zauna ka kalli Turawa suna shiru?"

"Baba, karatu ne."

"To Allah ya ba da sa'a. Da ka faɗa mini, da na yi maka shirun a gida."

Wata ranar Asabar maigidana ya fita masallaci ya bar fim ɗin yana tafiya. Ina kicin na ji Baba yana magana. Na ɗauka da ni yake, na leƙo. Yana zaune a bakin kujera, ya miƙo wuya gaba. A talabijin uwar ce tsaye a ƙofa tana kiran yarinyar, ruwa na dukanta. Baba yana maimaita abin da take faɗa, da yarensu, a hankali, kamar mai taɓa haƙorin da ke ciwo.

Ya ji motsina. Bai juyo ba. Ya ce, "Cewa take ta shigo kada sanyi ya kama ta."

Na dubi fassarar Turancin da ke ƙasan hoton. Haka aka rubuta. Baba kuwa ba ya karanta Turanci.

Ranar ce na fara yi masa tambaya kai tsaye. "Baba, ina ka ji wannan yare?"

"A yawo," in ji shi. Ya tashi ya shige ɗaki.

Daga ranar ya daina yi wa fim ɗin ba'a. In maigidana ya kunna, sai ya jawo kujera. Ba duka yake ganewa ba. Ya ce waɗannan haɗiye magana suke, mutanen da ya zauna da su a buɗe suke furta ta. Maigidana ya yi mamaki, ya yi murna, ya yi ta tambaya, Baba ya ce dai ya taɓa zama a arewacin Mozambik wajen sayen duwatsu, can ma yaren suke yi. Bai ƙara ba.

Da suka kai ƙarshe karo na farko, 'yar ta rufe taga, rubutu ya fara hawa, Baba ya ce, "Shi ke nan? Uban fa?"

"A fim bai dawo ba, Baba. Amma a littafin ya dawo. Mai fim ɗin ne ya cire." Maigidana ya gyara zama, don a kan wannan cirewar ya gina babi guda na aikinsa. Ya fara bayani. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ba wannan na tambaye ka ba. Da ya dawo, me ta yi masa?"

Maigidana ya ce a littafin uban ya dawo tsoho. 'Yar ta gane shi tun daga nesa. Ta ba shi kujera, ta ba shi abinci, ta gyara masa ɗaki, ta yi jinyarsa har ya mutu. Amma ba ta taɓa kiransa uba ba. Yadda ake kiran baƙo mai mutunci haka ta riƙa kiransa.

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Gara a ce zaginsa ta yi."

Bayan 'yan kwanaki muka dawo daga wankin ƙoda, ni na raka shi. Ya kwanta a doguwar kujera ya juya mini baya. Ina naɗe kaya sai na ji ya ce, "'Yar nan, zauna." Bai taɓa kirana haka ba.

Fuskarsa na kallon jikin kujerar ya ba ni labarin. A can Mozambik ya yi aure, aure na sunna, da waliyyi da shaidu, a masallacin garin. Matar 'yar garin ce, Musulma. Ta haifa masa mace. Yarinyar ta fara gudu ke nan, tana biyo shi har bakin hanya in zai fita, aka yi samamen baƙi masu sayen duwatsu. Aka kama shi a kasuwa, aka tsare shi, aka sa shi a jirgi da kayan jikinsa. Ko sallama bai yi musu ba.

"Da farko babu halin komawa," in ji shi. "Daga baya hali ya zo, sai kunya ta hana. Na ce in na je me zan ce? Na bari sai baɗi. Baɗi ta zo, abin da zan faɗa ya ƙara nauyi." "Ki gaya wa mijinki. Ni bakina ba zai iya ba."

Na gaya masa. Tun da na auri maigidana ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar. Ya tsaya a tsakiyar falo.

"Baba, muna da 'yar'uwa a duniya, ba mu sani ba? Hajiya mahaifiyarmu ta rasu ba ta sani ba?"

"Ta sani," in ji Baba. "Daren da na dawo na faɗa mata. Ita ce ta riƙa cewa in koma in ɗauko su. Har a ciwon ajalinta ta faɗa."

Wannan ya fi komai karya maigidana. Ya zauna a ƙasa. Can ya ce, "To za mu neme ta."

"Ba yanzu ba. In na mutu ku nema."

"In ka mutu me zai amfane ta? Me zai amfane ka?"

"Na ce ba yanzu ba!" Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Kana so a nuna mini ita a waya ta gaishe ni kamar baƙo? Ba zan iya ba. Ka bar ni in mutu ban gani ba."

Ina son Baba, kuma ba zan yi masa ƙarya a bayan ransa ba: tsoro ne ya hana shi, kuma ya san tsoro ne. Mutumin da ya jure allurai da injin wankin ƙoda bai taɓa cewa wash ba, ya kasa jure kallon 'yarsa.

Maigidana bai bi umarnin ba. A jami'arsu akwai wani ɗalibi ɗan Mozambik da suke salla tare. Ya ba shi sunan garin da na matar da na masallacin, ɗalibin ya ce zai sa danginsa su tambaya. Da Baba ya ji, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar ɗansa. Amma bai ce a fasa ba. Da rana, in gida ya yi shiru, yakan ce, "A kunna mana mutanen nan." Sai in kunna masa, ya kalli farkon, inda yarinyar take ƙarama tana bin uban a bakin teku. Da zarar ta fara girma sai ya ce a kashe. A kwanakin ne ya fara maganar da maƙwabciyarmu ke ji a baranda. Na taɓa tambayarsa me yake cewa. Ya ce, "Gwadawa nake. Ko da za a ce in yi magana."

Jikin ya rikice da sauri. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya, aka kwantar da shi. Safiyar ranar da zai rasu ya buɗe ido ya dubi ɗansa ya ce, "An samu?"

"Ana nema, Baba."

"To," in ji shi. Bayan wannan sai kalmar shahada.

Bayan addu'ar bakwai maigidana ya faɗa wa yayansa. Yaya ya ce kada ya sake jin wannan magana, mutum ya mutu da mutuncinsa za a jawo masa abin faɗa a gari, kuma wa ya tabbatar ma akwai wata 'ya? Maigidana ya ce, "Yaya, Baba ne ya faɗa da bakinsa." Yaya ya ce ciwo ne ya taɓa masa tunani. Har yau maganarsu ba ta koma daidai ba.

Wata biyu da rasuwar, ɗalibin nan ya zo gidanmu da la'asar, waya a hannu. An same ta. Tana garin, tana sayar da kayan miya a kasuwa, tana da 'ya'ya. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Ta yarda a kira ta.

Muka zauna a falo, ɗalibin a tsakiya yana fassara. Hoton ya buɗe, can safiya ce. Mace ce doguwa da ɗankwali, a tsaye a jikin wani bango. Da ta ɗaga hannu ta gyara wayar, na ji maigidana ya ja numfashi. Goshin Baba ne, da idanunsa.

Maigidana ya gabatar da kansa, ya ce shi ɗan'uwanta ne, ya ce mahaifinsu ya rasu. Ta tambaya yaushe. Aka faɗa mata. Ta sa aka maimaita. Sannan ta yi magana mai tsawo, muryarta ba ta tashi ba, ɗalibin ya fassara.

"Ta ce ita tun tana yarinya an gaya mata an kama shi, ta ɗauka a tsare ya mutu, shi ya sa bai dawo ba. Ta ce da wannan ta rayu. Kullum tana sa shi a addu'a tare da mamatanta. Ta ce yanzu kuna gaya mata duk shekarun nan yana raye, yana da gida, ya tsufa a cikin 'ya'yansa."

Maigidana ya fara cewa Baba bai taɓa mantawa da ita ba, sai ya ji yadda maganar take a kunne, ya katse ta.

Ta sake magana. Ɗalibin ya ce, "Ta ce ba ta tuna fuskarsa. Kalma ɗaya take tunawa, wadda yake kiranta da ita. Ba yarensu ba ce, ta tambayi mutane ba wanda ya sani. Tana so ku faɗa mata ma'anarta."

Sai ta matso da wayar kusa da bakinta, ta furta da kanta, a hankali, da wani irin karin da ba namu ba: "Uwata."

Maigidana ya tambayi sunanta na yanka. Ta faɗa. Sunan kakarsa ne, mahaifiyar Baba. Ya rufe fuska da hannu biyu, sai ni na yi bayanin. Na ce a wurinmu in mutum ya sa wa 'yarsa sunan mahaifiyarsa, ba ya iya kiran sunan, don girmamawa. Sai ya ce mata uwata. Na ce ba kowace 'ya ake sa wa wannan suna ba.

Ɗalibin ya fassara. Ta kawar da kai gefe, ta daɗe tana kallon wani abu da ba ma gani. Muna jiyo hayaniyar kasuwa a bayanta.

Maigidana ya share fuska ya ce, "Ka ce mata muna roƙonta, don Allah, ta yafe masa. Yana kabari."

Ta saurara har ƙarshe. Amsarta gajera ce.

"Ta ce ta ji. Ta ce ba yau ba."

Ta ce tana da masu saye suna jira, ta yi mana sallama irin ta Musulmi, hoton ya ɗauke.

Ya Allah, ga bawanka a gabanka, Ka fi mu sanin alherinsa, Ka fi mu sanin abin da ya bari bai gyara ba. Ka yafe masa abin da ke tsakaninka da shi, Ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunta. Abin da ke tsakaninsa da 'yarsa kuwa a hannunta yake. Ka sanyaya mata zuciya, Ka ba ta tsawon rai. Muna jira.